Iya Ruwa Fid Da Kai

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, yawancinmu da mun gama karatu za a rarraba mu makarantun gari da na ƙauye, a Jihar Neja kuwa da wuya a sami makarantar da ba ruwa kusa da ita. Ga kogin Kwara, ga Kaduna, ga Gurara, ga Mariga, ga kuma manyan madatsan ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro. Nan Suleja ma ga Iku cikin gari, ban da ƙoramu da kududdufai, da ramukan da masu haƙar ƙasa da masu fasa dutse su ke bari, waɗanda su kan cika fal da damina. A waɗannan wurare ne yaran da za a ba mu amanarsu su ke wanka, su ke wanki, su ke wasa in an tashi daga makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kaɗai ruwa ya ci mutum wajen 300,000 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Don haka ya kamata ko wane malami ya san amsar tambayoyin da yara da iyayensu su kan yi game da ruwa. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Me ya sa tsakuwa ta ke nutsewa, ga jirgi da ya fi ta nauyi yana bisa ruwa?

Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis, mutumin birnin Sirakus, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara bayyana dalili. Duk abin da aka sa cikin ruwa sai ya ture wani ruwan don ya sami wurin zama. Ruwan kuma ya kan tura abin sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. To, in abu ya ture lita 10, ruwa zai tallafe shi da ƙarfin kilo 10. In nauyin abin bai kai haka ba sai ya taso, in ya fi haka sai ya yi ƙasa.

Garinmu garin tukwane ne, a nan Ladi Kwali ta yi aikin da ya sa hotonta ya ke bayan takardar naira 20, saboda haka gwada wannan ba wuya. A sami ɓaraguzan fasasshiyar tukunya a zuba cikin baho, nan da nan za su nutse. A ɗauko 'yar'uwarta lafiyayya a ɗora a hankali, sai ta zauna bisa ruwa tana lilo. Yumɓu ɗaya ne, nauyi ɗaya ne, amma lafiyayyar tana da ciki mai faɗi cike da iska, tana ture ruwa mai yawa. Haka kwale-kwale ya ke, haka kuma jirgin ƙarfe na teku.

Jikin mutum fa, nutsewa ya ke yi ko tasowa?

Nauyin jikin mutum kusan daidai ya ke da na ruwan da ya ke turewa. Ƙashi da tsoka sun ɗan fi ruwa nauyi, kitse bai kai ruwa ba, huhu kuma jaka ce ta iska wadda ta kan ɗauki wajen lita 6 ga babban mutum. Saboda haka in mutum ya cika huhunsa, ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya sa ƙeyarsa cikin ruwa har kunnuwa su shiga, yawanci sai ya taso, hanci da baki suna waje. Siriri mai ƙarfin tsoka ƙafafunsa su kan yi ƙasa, amma ɗan motsa hannu kaɗan ya ishe shi.

Abin da ya ke nutsar da mutum firgita ce. Wanda ya firgita ya kan miƙe tsaye cikin ruwa, ya ɗaga hannuwa sama, ya fitar da iskar huhunsa. Duk gaɓar da ya ɗaga waje kuwa ruwa ya daina tallafarta, nauyinta ya koma kan sauran jiki, sai kai ya yi ƙasa. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, shi ya sa ya fi ɗaukar mutum. A Tekun Gishiri da ke ƙasar Urdun, inda gishirin ya ninka na sauran tekuna wajen sau goma, mutum ya kan kishingiɗa bisa ruwa kamar a kan tabarma. A aji a sa ɗanyen ƙwai cikin kofin ruwa, zai nutse. A yi ta zuba gishiri ana motsawa, sai yara su ga ya taso.

Yaya kifi ya ke tafiya, ga shi ba hannu ba ƙafa?

Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, ratsa shi kuwa aiki ne. Wanda ya taɓa gwada gudu cikin ruwa iyakar gwiwa ya san haka. Kifi an yi shi da siffar da ta dace: kai mai tsini, tsakiya mai kauri, baya ya tsuke, ga yauƙi a jiki wanda ya ke sa ruwa ya zame. In an dafa kifi aka ɓare fatar, za a ga naman a jere sala-sala a ko wane gefe na ƙashin baya. Waɗannan su ne tsokokin tafiya. Na dama su tsuke, na hagu su saki, sa'an nan na hagu su tsuke, na dama su saki, tun daga wajen kai har wutsiya. Sai jiki ya riƙa lanƙwasa, wutsiya tana kaɗawa dama da hagu tana tura ruwa baya, ruwa kuma yana tura kifi gaba. Haka mai kwale-kwale ya ke tura ruwa baya da filafili jirgi ya yi gaba.

Fikafikan kifi ko wanne da aikinsa. Na doron baya da na ƙarƙashin ciki su ke hana shi birkicewa. Biyu na bayan kai, da biyu na ƙasa, da su ya ke juyawa, ya hau, ya sauka, ya ja birki. Har wa yau akwai wani siririn layi a gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, da shi ya ke jin motsin ruwa. Shi ya sa garken ƙananan kifaye su ke juyawa gaba ɗaya ba su yi karo ba, ko cikin ruwa mai laka.

Me ke hana kifi nutsewa in ya tsaya cik?

Matan da su ke gyaran kifi sun san wata farar jaka mai iska da ke cikin cikinsa, ƙarƙashin ƙashin baya. Ita ce sirrin. Kifi ya kan ƙara mata iska ko ya rage, har nauyinsa ya yi daidai da na ruwan da ya ke turewa, sai ya tsaya inda ya ga dama ba wahala. Waɗansu kifaye haɗiyar iskar su ke yi daga saman ruwa, waɗansu kuwa daga jininsu ta ke shiga jakar. Kifin shak na teku ba shi da wannan jaka; babbar hanta mai mai ce ta ke taimakonsa, duk da haka in ya daina tafiya sai ya yi ƙasa a hankali. Ga yara a gwada da kwalbar roba mai murfi: in ba kome ciki tana bisa, in an cika ta da yashi ta nutse, in an daidaita yashi da iska sai ta tsaya ruwa ya kusa rufe ta.

Da me kifi ya ke numfashi, kuma yana barci?

Kifi yana bukatar iskar oksijin kamar mu, amma wadda ta narke cikin ruwa ya ke amfani da ita. Ya kan ɗebi ruwa da baki, ya fitar da shi ta kumatu. Ƙarƙashin kumatun akwai jajayen tsokoki masu kama da mataji, cike da ƙananan jijiyoyin jini, su ke tsotse oksijin yayin da ruwa ke wucewa. Oksijin da ke cikin ruwa kaɗan ne ƙwarai, wajen kashi 1 cikin 30 na wanda ke cikin iska, huhun mutum kuwa ba ya iya tsamo shi. Abin da ya sa mu ke mutuwa a ruwa ke nan, kifi kuma ya mutu a tudu, gama da an fid da shi matajan nan sai su manne da juna su bushe.

Barci kuwa, kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, amma ya kan huta. Ya kan lafe a ƙasa ko cikin ciyayi ko kogon dutse, motsinsa ya ragu.

Duk kifaye tafiyarsu iri ɗaya ce?

A'a, ko a kogunanmu akwai abin mamaki. Tsage da giwan ruwa mafarauta ne, da wutsiya su ke kai sura. Karfasa ta kan yi tafiyar hankali da fikafikan gefe. Yauni jikinsa a miƙe ya ke tafiya, dogon fiffiken doronsa ne ke kaɗawa kamar tuta, yana iya yin gaba yana iya yin baya. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, ya gano yauni yana fitar da ɗan lantarki mara ƙarfi, daga baya kuma aka tabbatar da shi ya ke gane abin da ke kewaye da shi cikin duhu. Minjirya kuwa lantarkinta mai ƙarfi ne, masunta sun san zafinsa. Cikin dangin kurungu akwai masu yin iyo a rigingine, suna cin abin da ke saman ruwa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa cikin ka da ta ke shaƙar iska da ita. Wanda ya tsaya bakin tankin masu kiwon kifi zai ga tana tasowa tana haɗiyar iska. Gaiwa tana da huhu sosai. In fadama ta ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta har ruwa ya dawo.

Yaya a ke koyon iyo?

Abu uku mai koyo zai ɗauka daga kifi: ya kwanta a miƙe, ya tura ruwa baya, ya bar gaggawa. Duk gwanintar mutum dai ba ya kamo kifi. Gwanayen duniya su kan ci mita 50 cikin daƙiƙa wajen 21, watau kimanin kilomita 8 da rabi ke nan a awa. Abin da mu ke nema shi ne mutum ya iya fid da kansa.

A fara a ruwa mai tsabta wanda bai wuce ƙugu ba, mara gudu, tare da babba wanda ya iya. Da fari a koyi sa fuska cikin ruwa ana busa iska ta hanci da baki, a ɗago a shaƙa. Na biyu a koyi kwanciya rigingine, mai koyarwa yana tallafe ƙeya har ya janye hannu. Na uku a riƙe bakin wurin a koyi bugun ƙafa, daga cinya, gwiwa ba ta lanƙwasa da yawa. Na huɗu a haɗa da hannu. Na biyar a koyi tsayuwa cikin ruwa mai zurfi, ƙafafu suna tuƙi kamar a kan keke, tafin hannu yana shara.

Iyo iri-iri ne. Akwai iyon kare, wanda yaran ƙauye su kan fara da shi. Akwai iyon kwaɗo, mai sauƙin numfashi, da shi Kyaftin Matthew Webb ya haye tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1875 cikin kusan awa 22. Akwai iyon rigingine. Akwai kuma na rub da ciki mai jefa hannu bi da bi, shi ya fi sauri. Mutanenmu ba baƙin wannan sana'a ba ne. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, Kabawa su kan yi gasar iyo da nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa, masunta kuma su kan hau gora su yi yawo bisa Matan Fada da homa a hannu. Gorar nan aikin tukunyar da muka ambata ta ke yi.

Yaro ya kai shekara nawa a koya masa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a koya wa yara 'yan makaranta, daga shekara 6, iyo da dabarun tsira. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya ke cin yara da yawa, a kan kafa dandamali da shinge na gora cikin kududdufin ƙauye, a koya wa yara a ciki har yaro ya iya cin mita 25 ya kuma tsaya bisa ruwa daƙiƙa 30. Ba su jira sai an gina musu wurin iyo irin na Turai ba. Babba ma yana iya koyo, ko ya yi furfura, mata kuma su koya wurin mata.

Ƙananan yara su maganinsu tsaro ne. Yaro mai rarrafe kansa ya fi jikinsa rinjaye, in ya leƙa bokiti ko baho ya faɗa da ka ba ya iya fitowa, ruwa inci 2 ya isa ya kashe shi. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a rufe randa da tanki da ramin bayan gida, a kife bokiti in an gama wanki. Kada a bar wa yarinya 'yar shekara 7 tsaron ƙanenta a bakin ruwa.

Wurin iyo na gini ba hatsari ke nan?

Yanzu otal-otal da wuraren shaƙatawa da waɗansu makarantu suna da wurin iyo na siminti, a babban filin wasa na Abuja ma, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, akwai na gasa. Ruwansu garau ya ke, ba kada ba igiya, wannan kuwa shi ke sa mutane sakaci. Ga dokokin da ya wajaba a kiyaye.

Kada kowa ya shiga shi kaɗai, kome gwanintarsa. A duba akwai mai tsaro, akwai kuma sanda mai tsawo da abin jefawa a kusa. A karanta lambar zurfi da ke rubuce a baki, gama ƙasan gangare ne, gefe ɗaya iyakar ƙugu, gefe ɗaya ya shanye mutum. Kada a dirga da ka a wuri mara zurfi, mutane da yawa sun karya wuya ta haka sun shanye har abada. Ba gudu a bakin wurin, gama daɓen yana da santsi. Ba tura wani, ba danna kan wani da sunan wasa. Kada a matsa kusa da ramin da ke zuƙe ruwa a ƙasa. In ruwan ya yi duhu har ba a ganin ƙasa, kada a shiga. Maganin kilorin da ke kashe ƙwayoyin cuta ya ƙare, wanda ya nutse kuma ba mai ganinsa. Mai zawo kada ya shiga. In an ji tsawa kowa ya fito. Wurin iyo na gida ko na makaranta a kewaye shi da shinge ta ko wane gefe, tsayinsa ya kai ƙafa 4, da ƙofa mai kulluwa. Balan-balan ɗin da a ke sa wa yara a damtse abin wasa ne, yana sacewa, yana zamewa. Malamin da ya kai yara ya ƙidaya su kafin shiga, ya haɗa su biyu-biyu, ya ajiye wayarsa, ya sake ƙidaya bayan fita.

Gaskiya ne 'yan ruwa ke jan mutane?

Iyaye su kan faɗa wa yara haka don su tsorata, wuraren da a ke faɗi kuwa lalle wurare ne masu hatsari. Amma malami ya nuna wa yara abin da ido zai iya gani. Na ɗaya, ruwa yana ruɗin ido. Haske ya kan karye in ya fito daga ruwa, shi ya sa fensir cikin kofi ya ke kamar ya lanƙwashe, ƙasan ruwa kuma ya kan yi kamar ya matso, har zurfin ƙafa 8 ya zama kamar ƙafa 6. Na biyu, inda masu ɗibar yashi suka yi aiki akwai ramuka, mutum yana tafiya iyakar gwiwa sai ya ji ba ƙasa. Na uku, ƙarƙashin inda ruwa ke zubowa daga dutse, kamar Mayanka ko Gurara mai tsayin mita wajen 30, ruwan juyawa ya ke yi, ya mai da mutum ƙasa ya kuma mai da shi, duwatsun kuma gansakuka ta sa su santsi. Na huɗu, kududdufi da ramin dutse bakinsu a tsaye ya ke, ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan ƙasa kuma da sanyi, ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25, sai gaɓoɓi su mutu. Waɗannan su ke jan mutum.

Me ya sa ruwa ya kan ci wanda ya iya iyo?

Yawanci cika baki ne da gasa: wa zai haye, wa zai fi daɗewa a ƙasa. Samari su kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa don su daɗe. Wannan mugun abu ne, gama yana kashe alamar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma a ƙasa bai sani ba. Giya da ƙwaya suna ɗauke hankali da ƙarfi. Mai farfaɗiya kada ya shiga sai da wanda ya san halinsa a kusa. In jijiyar ƙafa ta ɗaure, a juya rigingine, a ja yatsun ƙafar zuwa sama har ta saki. Zancen cewa wanda ya ci abinci ya shiga ruwa zai nutse, likitoci ba su sami shaidarsa ba.

Ambaliya ba ta san gwani ba. Mutanen Suleja ba su manta da ta watan Yuli na 2017 ba, wadda ta rushe gidaje ta ci rayuka, ta Mokwa kuma a ƙarshen watan Mayu na 2025 ta kashe mutum fiye da 150. Ruwa mai gudu inci 6 yana ka da babban mutum, ƙafa 2 yana tafiya da mota. In ruwa ya hau kan gada a jira. In ana ruwan sama lokacin tashi, malami ya riƙe yaran da za su haye ƙorama har ta sauka. Wanda igiya ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita. Ya kwanta rigingine, ƙafafu gaba saboda duwatsu, ya riƙa karkata zuwa gaɓa. A jirgi kuma a sa rigar ruwa, a ƙi shiga in an cika lodi, a ƙi tafiyar dare. Jirgin da ya kife kusa da Gbajibo a ƙasar Mokwa a watan Oktoba na 2024 da dare ne, ɗauke da mutum wajen 300, yawancinsu mata da yara.

In na ga ruwa zai ci wani, me zan yi?

Da fari a san kamanninsa. Mai nutsewa ba ya ihu, gama ba shi da iskar yin ihu. Za a gan shi tsaye cikin ruwa, kai a ƙeya, baki yana shiga yana fita, hannuwa suna dukan ruwa a gefe, ba ya gaba ba ya baya. Cikin minti ɗaya ya ɓace. Yaran da ke wasa a ruwa suna da hayaniya. In ɗaya ya yi shiru a duba shi.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. To, haka zai kama wuyan mai cetonsa, sau da yawa gawa biyu a kan fitar. Saboda haka a yi kururuwa a tara mutane, a aiki wani ya buga 112 ko ya nemo mota. A kwanta rub da ciki a gaɓa a miƙa masa sanda, ko gora, ko zane, ko rawani. In ya yi nisa a jefa masa jarka wofi mai murfi, ko tayar mota ta ciki mai iska, ko ƙwallo, in da igiya a ɗaura. In da kwale-kwale a je da shi. Shiga ruwa sai ga wanda aka horar, shi ma da abin da zai miƙa a hannunsa. Yara kuwa a gaya musu sarai: aikinsu kira da jifa, ba shiga.

An fid da shi, sai me?

Ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, don haka ba a ɓata lokaci. Al'adar nan ta danna ciki, ko ɗaga mutum a kife don ruwa ya fito, a bar ta. Abin da ke cikin tumbi ta ke turowa ya shaƙe shi. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a tura goshi baya, a ɗaga haɓa, a duba ƙirji. In yana numfashi, a juya shi a gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau 5, ana ganin ƙirji yana tashi. Sa'an nan a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya bisa ɗaya, a danna wajen inci 2, sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a koma danna. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri yatsa biyu. A ci gaba har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ko ya tashi ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, gama ruwan da ya shiga huhu ya kan ta da ciwo bayan awoyi. Karanta wannan bai isa ba, sai an gwada da hannu. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da shi.

Akwai cuta cikin ruwa?

Akwai, babbarsu tsargiya. Waɗansu su kan ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro, alhali tsutsa ce, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, su shiga ƙananan katantanwa, su fito su huda fatar mai wanka. In an ƙyale ta tana rage jini, tana ɓata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, praziquantel, wanda a kan raba a makarantu. Malami ya tambayi yara a asirce, ya aika da masu ita asibiti, ya hana fitsari da bayan gida a ruwa.

Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta ko wace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa, ranar kuwa tana faɗowa tsakiyar daminarmu. Ina roƙon 'yan'uwa masu fita koyon aikin koyarwa, kowa ya zaga ya ga ruwan da ke tsakanin makarantarsa da gidajen yara, ya tambayi mai unguwa da masunta inda ruwa ya taɓa cin mutum, ya zana taswirar wuraren a allo tare da yaran. Ya ɗauki darasi ɗaya ya yi gwajin tukunya da ƙwai da fensir, ya ɗauki wani ya fita fili da jarka da igiya kowa ya gwada jifa. Mu kuma a nan mu roƙi hukumar kwaleji ta gayyato masu koyar da taimakon farko kafin ruwa ya yi ƙarfi.